Rassan da Auta Ya Kawo

Mahaifina bai taɓa kwana nesa da garkarsa ba sai da ƙodarsa ta gaza. Garka ita ce lambu a bakinmu na Maraɗi, kuma tasa tana bakin gulbi, da lemun tsami da gwaiba da rumman, ga lalle a jikin shinge. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san in Baba ya yanki reshe ya soka a ƙasa, to ya kama. Mutum kan kawo masa reshen da ya kwana a aljihu, ya murza shi, ya shinshina, ya ce a bar masa. Ba ya hana kowa iri, ba ya kuma mayar da wanda ya zo masa da reshe. Amma fa in biki ya tashi a wani gari, ko rasuwa, a yinin zai je ya dawo, don a cewarsa dashe ba ya jiran kowa. Ranar da na tashi zuwa Faransa bai raka ni tasha ba, yana ban ruwa. Ranar da autanmu ya biyo bayana, haka aka sake yi. Ni na yi fushina na huce, amma Auta bai huce ba.

Bayan rasuwar Inna ne na ɗauko Baba zuwa Lyon, lokacin da likitocin gida suka ce sai dai wankin ƙoda. Ina zaune a Rillieux-la-Pape, a gefen garin, can sama a ɗaya daga dogayen gidajen nan masu kama da juna, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Wato da rana in wanke tsofaffin wasu, da yamma in dawo in tarar da nawa a inda na bar shi. Aurena ya daɗe da mutuwa, don haka daga ni sai shi. Ciwon sukari ya riga ya ci idonsa, haske kawai yake gani da inuwar mutum. Mota ta zo ta kai shi wankin ƙoda ta dawo da shi, ya zauna a kujerar bakin taga, hannuwansa a kan gwiwa. Hannuwan nan su suka fi ba ni tausayi. Sun yi laushi, kantar da na sani tun ina yarinya ta ɓace, sun koma kamar na malamin makaranta.

Ba ya ƙorafi. Abinci ba gishiri yake ci, kamar yadda likita ya ce, ya kuma sa mini albarka a kai. Da uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tambaya ɗaya ce yake yi kullum in na shigo, tun ban cire takalmi ba: Auta ya kira?

Auta yana Sevran, a bayan Paris. Karatun aikin gona ya zo yi, ya watsar a tsakiya, kuma tun daga nan kowane wata da irin labarin da yake ba ni. Yau yana yi wa sababbin zuwa tafinta a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris, gobe yana kai abinci gida-gida a kan keke. Tsakanin Paris da Lyon ba wata tafiya ba ce, mutum ya karya a can ya ci na rana a nan. Amma Baba ya fi shekara a gidana Auta bai leƙo ba. In na matsa masa a waya sai ya ce ai tsohon ma bai san hanyar tasha ba. Ni kuma bakina ba ya da linzami, sai in wanke shi tas, ya kashe wayar, mu yi makonni ba mu magana. Baba kuwa nakan ce masa Auta ya gaishe shi, aiki ne ya yi masa yawa.

Sai ga Auta wata Asabar cikin zafi, ba sanarwa, da ƙaramar kula irin ta kai abinci a hannu. Ya rame, idonsa ya faɗa, amma ya sha aski. Baba ya ji muryarsa tun daga ƙofa, ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya kama tsintsiyar hannunsa ya riƙe, ya shiga jero gaisuwa irin ta gida, gajiya da aiki da maƙwabta da zaman baƙunta. Auta yana amsawa da lahiya lau, rabi da Faransanci, idonsa a kan kular. Da aka gama sai ya durƙusa ya buɗe ta. Rassa ne kore shar a naɗe cikin jiƙaƙƙen tawul, masu ganye kamar yatsun hannu.

Tun kafin in ga ganyen warin ya gaya mini. Duk wanda ke hawa matakalar gidanmu ya san warin wiwi, ba sai an koya masa ba. Auta kuwa ko kallona bai yi ba. Ya ce wa Baba wata irin rama ce ta Turawa, ana bincike a kanta. Suna da ita a wani fili a waje, amma sanyi zai kashe ta, shi ya sa ake son a raya rassanta a ɗaki. Ya ce ya gwada da kansa duk sun ruɓe, sai ya tuna babu wanda ya kai Baba hannu.

Baba ya ɗauki reshe ɗaya. Ya bi karan da yatsa daga ƙasa har sama, ya murza ganye ya kai hanci, ya tsinki ɗan guntu ya ɗora a harshe. Daga baya ya ce a kawo masa wuƙa mai kaifi da toka.

Na ja Auta zuwa kicin na rufe ƙofa. Ban tuna duk abin da na faɗa masa ba, amma na san na kira shi marar kunya, na kuma tambaye shi ko ya san abin da zai faru da takarduna da maganin Baba in aka sami wannan a gidana. Ya bar ni na gama, sannan ya buɗe ƙofar kaɗan ya ce in leƙa. Baba ya sauko daga kujera, yana zaune a ƙasa dirshan, ya baza jarida, yana jera rassan bisa tsawonsu. Yana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi a bakin rijiya. Haushi ya cika ni har wuya, don na san Auta ya gama da ni. Na fito na ƙona gawayin turaren wuta na ba Baba tokar da hannuna.

A robobin yawur, wato kindirmon kanti, ya dasa su, cikin ƙasar da na sayo a kanti, ya kife kowanne da rabin gorar ruwa, ya jera a taga. Ya ce wa Auta ya ba su mako biyu ya dawo ya gani. Auta ya kwana ɗaya ya koma.

Daga ranar Baba ya zama wani mutum. Ya ce in riƙa fita da shi da yamma, kuma duk inda muka bi hannunsa na kan shingen mutane. Ya karyo reshen wani ɓaure da ya fito a bayan wurin jiran bas. Ya sa na roƙar masa reshen fure mai jan kai a wajen wata tsohuwa 'yar Fotugal da ke ƙasanmu, ita ba ta jin Hausa, shi ba ya jin komai sai Hausa, amma suka fahimci juna. Na'ana'ar da na sayo don shayi ma bai bar ta ba. Kafin wani lokaci tagar falo ta cika, ta ɗakinsa ta cika, na rasa inda zan shanya tsumma. Duk suka kama. Ɓauren har ya fid da sabon ganye, Baba ya kama yatsana ya ɗora a kai don in ji laushinsa.

Na Auta ne kaɗai suka ƙi. Kwanakin farko su tsaya kyam, daga nan ganyen ya soma rawaya daga baki, gindin ya yi baƙi, su kwanta. Da Auta ya dawo ya tarar da su a mace, sai ya tsaya yana zagin ƙasar kanti. Baba ya ce wataƙila tafiya ce ta gajiyar da su, ya sake kawo wasu. Ya sake kawowa. Waɗannan ma suka bi sahun na farko, Baba ya ce rana ce ta yi musu yawa a wannan tagar. Haka muka ci sauran zafin nan, Auta yana zuwa da kularsa yana komawa da ita wayam.

Ni kam daɗi nake ji in sun mutu, ba zan ɓoye ba. Amma abin yana ɗaure mini kai, har na fara tunanin ko wannan tsiron ne ba ya son hannun mai salla.

Zuwan Auta ya zama yana da tsari. Baba ba ya taɓa kular sai an sha shayi, kuma shayin gida, na fari da na biyu da na uku, a kan ƙaramar wuta, ba gaggawa. Yana dafawa yana ba shi labarin garka, wace bishiya aka dasa shekarar da aka haife shi, wace ce ambaliya ta tafi da ita. Da farko Auta wayarsa yake latsawa yana karkaɗa ƙafa. Amma a hankali na ga yana ajiye ta. Ya tuna wa Baba ranar da ya faɗa rijiyar garka yana yaro, suka yi dariya har Baba ya yi tari. Wani zuwan ya lura farcen Baba ya yi tsawo, ya nemi abin yanka, ya ɗora ƙafar tsohon a cinyarsa ya yanke masa ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye a ƙofar kicin ina kallo, na koma ciki na yi kukana. Na san abin da ke kawo shi, na san ba mu ba ne, amma duk da haka na yi murna.

A cikin watannin ne na lura kanwata tana ƙarewa. Jar kanwa ce da nake sayowa a shagon 'yan Afirka a cikin gari, ina ɗan jefawa a wake ko miyar kuka in na dafa wa kaina. Dunƙulen da kan yi mini rabin shekara sai ga shi ya koma kamar goro. Likita ya ja mini kunne a kan gishiri da duk danginsa, ya ce ga mai ciwon Baba guba ne. Na kuma san tsofaffinmu da jiƙa kanwa su sha in ciki ya ɗaure. Ranar na yi wa Baba faɗan da har yau in na tuna nake jin nauyi a ƙirjina. Na ce ina kashe kaina a kan ƙodarsa shi yana kashe ta a ɓoye. Na ce in mutuwa yake so ya faɗa mini in daina wahala. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Na ɓoye kanwar a saman kabad, bayan tukwanen da ba na amfani da su. Ba a yi nisa ba na ga an taɓa ta a can ma.

Wata safiya na fita aiki har na kai wurin jiran bas, na tuna na bar katin shiga wurin aiki a kan tebur. Na dawo na buɗe ƙofa a hankali don ina zaton ya koma barci. Yana tsaye a taga. A gabansa gorar ruwa biyu ce, ɗaya an ɗaura mata zare a wuya yadda zai gane ta da taɓawa. Yana marmasa kanwa da farce a cikin mai zaren. Ya girgiza ta, ya bi robobin Auta yana ɗaga murfi yana zuba wa kowanne kaɗan. Da ya gama ya ajiye ta, ya ɗauki ɗaya gorar ya ba ɓaure da na'ana'a.

Na ce, "Baba, mi kake yi?"

Bai firgita ba. Ya ce in rufe ƙofa, sannan ya lalubi kujerarsa ya zauna.

"Uwata, rama iri ake shukawa, ba a dasa reshenta. Kuma rama tana da tsami. Wanga abu tun da na ɗora shi bisa harshe na san ko mine ne. Masu shan shi sun sha ɓuya bayan shingena."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa wa Auta tun ranar, ya kore shi da kularsa.

"In na hwaɗa mishi, ya tahi ke nan. In sun kama, ya kwashe su ya tahi. In sun mutu, shina dawowa."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na ma manta da aiki. Na ce ashe zagin da na yi masa a kan kanwa a banza ya sha shi. Ya ce ai gara in zage shi da in sani, don ya san ni, fuskata ba ta iya riƙe magana. Ya roƙe ni kada in gaya wa Auta. Ya ce kowane reshe da ya zuba wa ruwan nan sai ya ji abin a ransa, don tun da yake bai taɓa kashe dashe da gangan ba, kuma tsiron ba shi da laifi. Amma ba zai raya wa ɗansa abin da zai kai shi kurkuku ba. Na ce to in sanyi ya zo fa, rassa suka ƙare? Ya ce Allah na nan.

Sanyin ya zo da wuri a shekarar. Ganyen bishiyoyin unguwa ya soma zuba, aka kunna na'urar ɗumama ɗaki. Auta ya iso ranar da ake yayyafi, jiƙe, ya tarar da jerin robobi sun sake kwantawa. Wannan karon bai zagi ƙasa ba. Ya dubi ɓaure da fure da na'ana'a da suka cika taga, ya juyo kaina. Ya ce ni ce. Ya ce tun farko ba na so, ni nake zuba musu wani abu in tsohon ya tafi asibiti. Na buɗe baki, kuma Allah ya sani da na buɗe shi da komai ya fito, sai Baba ya riga ni.

"Bar yayarka. Hannuna ne ya tsuhwa."

Mutumin da gari guda ke kawo wa reshe shi ya faɗi haka, a gaban ɗansa, kansa a ƙasa. Auta ya ce ai da ma ya lura, waɗannan na tagar ciyayi ne da ko yaro ya soka za su kama. Ya ƙi zama shan shayi. Ya ajiye kular a tsakar falo ya ce waɗannan ne na ƙarshe, na waje sun gama, sanyi ya taɓa su. In su ma suka mutu, ba shi da abin da zai sake kawo shi Lyon. Da Faransanci ya faɗi wannan, yana kallona, amma Baba ya ce in fassara masa, kuma na fassara.

Bayan ya tafi Baba ya dasa su kamar kullum, da toka da komai. Ni ce na karaya. Ni da na yi rantsuwa ba za a raya wiwi a gidana ba, ni ce na durƙusa ina roƙonsa ya bar ko guda ɗaya ya rayu. Na ce in Auta ya ji ɗaya ya kama zai zo ɗauka, ko ba komai za su sake ganawa, daga baya a san yadda za a yi. Kwanaki yana ba su ruwan kirki, ina lura, gorar mai zare tana gefe babu komai a ciki. Rassan suka miƙe, wani har ya soma fid da ɗan toho. Ya kan tsaya a kansu ya daɗe yana shafa ganyen. Na fara sa rai.

Wata yamma na dawo na ga gorar mai zare a cike, ruwan ya yi ja-ja. Na dube shi, ya ji shiruna ya gane.

"Ban taɓa hana kowa iri ba," in ji shi. "Wanga na hana."

Da suka mutu shi ya ce in kira Auta in ba shi wayar. Ya yi sallama, ya fara gaisuwa, ya kai ga faɗin abin da ya faru. Daga inda nake na ji an kashe. Baba ya ci gaba da riƙe wayar a kunne na ɗan lokaci kafin ya miƙo mini.

Hunturun nan ya ci shi. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya soma yi masa wuya, wankin ƙoda ya riƙa barinsa a galabaice har washegari. Yana dai lallaɓawa ya ba tsironsa ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya daina tambayata ko Auta ya kira. In na shigo sai ya ce sannu da aiki, shi ke nan. Ni kuwa ina kira, ina tura saƙo, na lallashi da na zagi, babu amsa. Bayan sabuwar shekara aka kwantar da shi a asibiti. Wata likita ta ja ni gefe ta ce in akwai wanda ya kamata ya gan shi, to a kira shi yanzu.

Na hau jirgin ƙasa na safe zuwa Paris. Ban ma san gidan Auta ba, sai da na bi ta Porte de la Chapelle, ƙarƙashin gadojin nan inda mutane ke kwana a tanti, na yi ta tambaya a wajen masu kasa kaya a ƙasa har na sami wani ɗan Tawa da ya san shi. Ya kwatanta mini. Na shiga RER, jirgin da ke fita bayan gari, na sauka a tashar Beaudottes ta Sevran, na yi ta zagaye cikin iska mai yanka kunne kafin na gane benen. Na daɗe ina bugu kafin ya buɗe.

Ɗaki ɗaya ne, katifa a ƙasa, tagar an rufe ta da bargo. Zafi da warin suka dake ni tun daga ƙofa. A kusurwa akwai babban kabad na tufafi, haske yana fitowa ta tsagar ƙofarsa, wani abu yana ƙugi a ciki. Ban nemi izini ba na je na buɗe. Cike yake da su, kore shar, sun kai mini ƙugu. Ya ce wani abokinsa ne ya ba shi masu saiwa, tun makon da ya baro Lyon. Ashe abin bai ma da wuyar samu. Duk kanwar Baba, da zagin da ya sha a wajena, da hannunsa da ya ce ya tsufa, ba su hana komai ba.

Na gaya masa abin da likita ta ce. Sannan na karya alkawarin da na yi wa Baba, na gaya masa zancen gora mai zare, tun daga farko har ƙarshe. Na ce tsohon ya san ko mene ne tun ranar da ya ɗanɗana, kuma hannunsa lafiya lau yake. Na ce shayin nan da yake ja har na uku, shi ne kaɗai abin da yake nema.

Auta ya zauna a bakin katifa ya rufe fuska da tafin hannu. Na ɗauka zai biyo ni, har na fara duba lokacin jirgin yamma a wayata. Ya ɗago, idonsa ja, ya ce zai zo, wallahi zai zo, amma ba yau ba. Ba shi da wanda zai amince ya bar wa ɗakin. In ya yi kwana biyu ba ya nan za su bushe, kuma yanzu ne suke a lokacin da ba a wasa da ruwansu. Ya ce in ba shi mako ɗaya.

"Yaya, ki gane mana. Dashe ba ya jiran kowa."

Bai ma ji abin da ya fito daga bakinsa ba. Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na ga yadda ya karkatar da kai yana sauraron ƙugin kabad ɗin, daidai yadda Baba ke yi in yana magana da baƙo hankalinsa na kan rijiya. Na sauke hannuna na ɗauki jakata. Ni kaɗai na koma Lyon.

Washegari da rana na shiga wurin Baba. An sa masa robar iska a hanci, ya ƙara ƙanƙancewa a cikin gadon. Na shirya ƙaryata tun a jirgi, cewa Auta yana tafe, aiki ne ya riƙe shi. Na sunkuya in gyara masa matashi, gefen rigar sanyina ya taɓa fuskarsa. Rigar da na je Sevran da ita ce. Ya kama ta ya kai hanci, robar iska da komai.

"Ya samu ke nan," in ji shi.

Na ce ya samu.

"Sun kama?"

Na ce sun kama, sun yi girma.

Sannan ya tambaye ni ko akwai mai taya shi, ko da kansa yake ba su ruwa. Na ce da kansa.

"To, ba shi zuwa."

Bai yi kuka ba, bai kuma yi fushi ba. Ya saki rigata ya mayar da hannunsa kan ƙirji. Can ya tambaye ni yaushe rabon ɓaure da ruwa. Na ce tun kafin in tafi Paris. Ya ce ɗumama ɗakin nan tana busar da ƙasa, in tashi in je yanzu. Na ce ɓaure ba zai mutu a yini ɗaya ba, ina nan tare da shi. Ya ce uwata, tashi ki je. Ban taɓa iya yi masa musu sau biyu ba in ya kira ni haka.

Na hau bas na koma Rillieux. Ƙasar robobin ta bushe har ta janye daga gefe, na'ana'a ta sunkuya. Na zubar da gorar mai zare a shara, na cika ɗayar a famfo, na fara daga tagar ɗakinsa kamar yadda yake yi. Ina kan ɓauren sai wayata ta yi ƙara, lambar asibiti ce.